Sarkin Rum na Changli

Babanmu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Cewa yake fuskar da Allah ya ba shi ta ishe shi, ba sai an yi masa ta biyu ba. Amma yana da ta biyun, a aljihunsa.

Wani tsohon kwabo ne na azurfa, bai kai sule girma ba, gefensa duk ya cinye. Wani Balarabe ɗan kasuwa da Baba ke yi wa ɗinki ne ya ba shi. Ya ce sarkin Rum ne a jiki, ya mutu tun kafin zuwan Annabi, kuma wallahi Baba ne sak. Da gaskiyarsa: dogon hanci, gemu a murɗe, wuya kamar na bijimi. Abokan Baba suka sa masa sarkin Rum na Changli, wato unguwarmu. Idan zai yi salla yakan ajiye kwabon a kan keken ɗinki, saboda hoton.

Ya rasu shekarar da aka sauya kuɗi, aka cire kan Sarauniya. Gari na ta murna. Ni ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Ina buɗe shago, in yi ɗinki, in rufe. Kwabon dai nakan ɗauka in duba kafin in taka keke.

Wata safiya na neme shi na rasa. Mma, mahaifiyata, ta ce in kwantar da hankali. A lokacin kowa na kai tsofaffin sulalla wurin maƙera a mayar masa zobe, ita ma ta kai kwabon Baba.

"Kai da yar da abu," ta ce. "In yana yatsa, ba ya ɓata."

Na tafi Gurugu da ƙafa, unguwar da maƙerin yake. Maƙerin ya miƙo mini zoben yana murmushi. Kwabon na nan a samansa, sumul, yana ƙyalli.

"Na goge maka Baturen," ya ce. "Yanzu kana iya salla da shi."

Na yi masa godiya. Aiki mai kyau ya yi, kuma haka yake yi wa kowa. A gida Mma ta kama hannuna tana juyawa, ta ce ya yi mini daidai, na ce ƙwarai.

Yana yatsana har yau, bai ɓata ba. Da jikata ta tambaye ni kamannin Baba, zoben na duba tukuna. Sai na ce mata dogo ne.