Tsumman Bakin Randa

A shekarun da nake buga tafireta a ofisoshin gwamnati, akwai abin da nake taƙama da shi fiye da saurin yatsuna: na iya zaɓen gidan raino. Maigidana malamin dabbobi ne, duk bayan 'yan shekaru sai a tsince shi daga wannan gari a jefa shi wancan, ni ma in nemi canji in bi shi. Uwata ta rasu tun ina budurwa, ba ni da ƙanwa, ga aiki daga safe har la'asar. Dole yarinya ta yini a hannun wata, ni kuwa ba na miƙa 'yata ga wadda ban bincike ta ciki da waje ba.

A Bawku, garin haihuwata, na fara koyon wannan abin a kan babbar 'yata. Can na gane masai ake fara dubawa, allo da kujeru daga baya. Na koyi kallon hancin yara: in majina ta bushe ta yi ɓawo, to tun safe ba wanda ya dubi fuskar yaron. Da aka mai da mu Yendi na ƙara biyu. Na farko katanga, don gidan da aka fara nuna mini yana bakin hanyar da manyan motocin doya ke ɓullowa daga Bimbilla, ƙofa a wangale. Na biyu tsumagiya. In mai raino ta shigo na ga yara sun yi tsit lokaci guda, ba sai na leƙa bayan ƙofa ba, na san tana can. Kuma ba na sanarwa, da tsakar rana nake faɗowa, lokacin da mai raino ta gaji, fara'ar karɓar baƙi ta ƙare. Sau biyu zaɓina ya yi kyau, mata suka fara cewa a tambayi Sakatare, wato ni. Kaina ya kumbura, ba na musu.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin muka sauka Salaga, da rani. Babbar ta shiga firamare, saura ƙaramar, mai shekara uku. Wannan yarinya ba ta san tafiya ba, gudu kawai ta sani. In na aike ta ɗauko ludayi, sai ta zaga gidan sau biyu kafin ta kawo. Ubanta har tsokanarta yake, wai da ƙafa aka fara halittarta, daga baya aka tuna da kai.

Salaga garin rijiyoyi ne, amma da rani yawancinsu ƙafewa suke, sai jama'a su koma dam ɗin bayan gari. Mu wannan bai dame mu ba. A gidajen ma'aikata muke, maigida yana kawo mana duro biyu na ruwan burtsatse a motar ofis. Kurkunu kuwa na sha jin sunansa, amma a wurina ciwon mutanen ƙauye ne, bai taɓa shigowa gidanmu a Bawku ba.

Gidajen raino biyu aka nuna mini. Na farko na wata tsohuwa ne a cikin zango, unguwar Hausawa, Bagwanjiya ce da ta yi aure cikin Hausawa, kowa Mma yake ce mata. Yara wajen goma sha biyu a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, ba allo, ba kujera, sai tabarmi. Na duba masai, a share, da murfi. Na dubi hanci, a goge. Yaran suna hawa bayanta suna sauka, ba mai tsoronta. Har na fara saukowa, sai idona ya kai kan randa. An ɗaure bakinta da wani tsumma, ja-ja, baƙi-baƙi, tsakiyarsa ya lotsa da laka. Ina tsaye wata mata ta sauke garwa daga kanta, ta tuttula ruwa ta cikin tsumman nan. 

Na ce, "Mma, wannan fa? A nan yara ke sha?"

Ta ce, "Ruwan dam ne, 'yar Bawku. Sai ya bi ta nan kafin yaro ya sha."

"Ni ko bokitin wanka ba zan rufe da wannan ba."

Ta yi dariya, ta ce kullum tana wanke shi, launin ne ya kama. Ta fara cewa in matso ta nuna mini wani abu, ta kai hannu za ta kwance igiyar. Na ja tsaki, na ce na ga abin da zan gani. Na lura tana ɗingishi da ta rako ni zaure, ƙafafunta duk tabo, na ƙara wannan ma cikin laifinta. A raina na ce wadda ba ta kula da ƙafarta ba, ina za ta kula da 'yar wani.

Gida na biyu na wata ce da ake kira Madam, ta taɓa koyarwa a kudu. Bango ya sha farar ƙasa, ga katanga, ga ƙofa mai sakata, yara cikin riguna iri ɗaya suna waƙar ƙirga. Ba tsumagiya, na leƙa. A kusurwa ga shuɗin duro da murfi, kofuna a rataye kan ƙusoshi, kowane yaro da nasa. Na ce a ɗebo mini. Na ɗaga kofin gilas a rana, ruwa garau.

Ta ce, "Misis, duba da kanki. Muna sa alif, datti duka ya kwanta. Nan ba wasa."

Ban tambaye ta daga ina ruwan yake ba. Duk tambayoyina na Bawku da na Yendi na yi su, wannan ba ya cikinsu. Washegari na kai 'yata. Ban tsaya nan ba, sai da na ba matan ma'aikata labarin tsumman, har ina kwaikwayon ɗingishin tsohuwar ana dariya. Biyu daga cikinsu suka janye yaransu daga zango suka bi ni.

Shekara guda muka yi lafiya. Yarinya ta iya ƙirga, ta iya gaisuwa da Turanci, ina gabatar da ita gaban baƙi. Rani na zagayowa ta fara sosa gefen gwiwarta ta dama. Ƙurji ya fito, ya yi ruwa, tana ihu wai wuta ce a ciki, tana roƙo a tsoma mata ƙafar a ruwa. Da ya fashe, sai ga wani farin abu kamar zaren ɗinki ya leƙo. Maigida ya durƙusa ya duba.

Ya ce, "Kurkunu ne. A ruwa ake shan shi, sai ya shekara a jiki yake fitowa."

Na ce ƙarya ne, ruwan burtsatse muke sha. Ya ce a gida ke nan. Ran nan na je wurin Madam na yi tambayar da ban yi ba bara. Ruwan dam ne, a amalanken jaki ake kawo mata. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi kyan gani, shi ke nan aikinsa. Ba ta ɓoye ba, ita ma ba ta sani ba, kuka ma ta fashe da shi. Yara biyar ne a gidanta suka kamu a ranin nan, har da ɗan ɗaya daga matan da suka bi ni.

A asibiti suka wanke, suka ɗaure, suka ce ba allurar da ke kashe shi. Sai dai a naɗe shi a tsinken ashana, kullum a ɗan murɗa kaɗan, har ya fita, ko da zai kai wata biyu. Maƙwabciyata ta ce duk Salaga ba mai hannun naɗar kurkunu kamar Mma, in kai mata yarinyar. Na ce Allah ya kiyaye. Da wane ido zan shiga zauren nan? Na ce ni da nake zare ribin a tafireta ba ya tsinkewa, tsutsa ba za ta gagare ni ba.

Kwana goma sha ɗaya ina naɗewa. Ran na goma sha biyu da hantsi na makara ofis, yarinya tana ta birgima, abin ya tsaya cak ya ƙi motsi. Raina ya ɓaci. Na ja. Ban ja da ƙarfi ba, har gobe ina faɗa wa kaina haka, amma na ja. Ya tsinke, ragowar ya koma ciki.

Kafin kwana uku gwiwa ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, jiki zafi rau. Muka kwanta asibiti sati uku, aka tsaga, aka matse mugunya, aka yi allurai. Ranta ya tsira. Amma da aka sallame mu ƙafar ba ta miƙewa sosai, ba ta kuma lanƙwasawa, likita ya ce gaɓar ta riga ta lalace.

Muna gida da kwana biyu na ji sallama da la'asar. Mma ce, da ƙwaryar koko a hannu, ta ɗingiso tun daga zango. Na rasa inda zan sa fuskata. Ba ta yi mini gori ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta zauna ta ɗora ƙafar yarinyar a cinyarta tana shafawa da man kaɗanya.

Ta ce, "Wani na nan tafe a idon sawu, kin gan shi? Wannan ki bar mini. Ba a ja, 'yata. Lallashi ake."

Sati biyar ina goya yarinyar zuwa zango kowace safiya, tsohuwar tana murɗa tsinke, har na biyun ya fita ɗungurungum. A ɗaya daga ranakun nan aka kawo ruwan dam, aka zuba ta tsumman. Ta kwance igiyar, ta kira ni, wannan karon na matso. Ta shimfiɗa shi a rana ta ce in duba da kyau. Cikin lakar akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare, ba su kai kan allura ba, suna tsalle.

Ta ce, "Su ne masu kawo kurkunun. Ni ban san sunansu ba. Ƙafata ce ta koya mini, sau bakwai yana fito mini. Tun da na fara tacewa, yaro bai taɓa yi a gidana ba."

Abin da ta so nuna mini ke nan ranar farko, ranar da na ja mata tsaki. Taku uku ne tsakanina da randar nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban yaran mutane, ban ji kunya ba. Na tsani kaina a ranar, kuma ban daina ba gaba ɗaya.

'Yata ba ta sake gudu ba. Tana tafiya tana jan ƙafar dama, ta yi karatu, ta yi aure, mutum ce mai fara'a. Abin da ta sani shi ne kurkunu ya kama ta tana ƙarama, kamar yadda ya kama yara da yawa a Salaga. Gidan Madam ma da daɗi take tuna shi, har yanzu ta iya waƙar ƙirgar. Ubanta ya rasu bai faɗa mata sauran labarin ba, ni ma ban faɗa ba.

Da ɗiyarta ta isa kaiwa raino, 'yar tawa ta zo ta same ni a ɗaki, ta ce akwai gidaje biyu da take so mu je mu gani.

"Mama, ke ce kika iya abin nan, kowa ya sani. Ki zo ki zaɓa mana."

Na ce mata ba zan iya fita ba, ƙafata ke ciwo. Ƙaryar da ta fara zuwa bakina ke nan, sai da ta fita na ji abin da na faɗa. Ta yi dariya, ta gyara goyonta.

"To ki huta, Mama. Bari in je da tawa ƙafar, ita ta saba."

Na bi ta har ƙofa na ce ta tambaye su daga ina suke ɗebo ruwa. Ta ce to, ba ta ko waiwayo ba. Na tsaya ina kallonta tana jan ƙafar har ta sha kwana.