Ƙwan Goggo da jerin da ba ya ƙarewa

Shekarar da na gama jami'a na zauna wajen goggona a Hammadu Kafi ina jiran kiran bautar ƙasa. Tana kiwon kajin ƙwai a keji huɗu, kuma kullum da safe takan rubuta yawan ƙwai a wani littafi: kejin bakin rijiya kaza, kejin ƙofa kaza. Abinci ya yi tsada, sai ta yanke shawarar sayar da kajin keji ɗaya. Ranta ya fi kwanciya a kan sayar da na bakin rijiya, tsofaffin jajayen kaji waɗanda ni nake ba su ruwa, har mun saba.

Na ce mata, in ba ta damu ba, wataƙila zan iya haɗa ƙwan kowane keji a kwamfuta kafin a yanke hukunci.

"Wataƙila?" in ji ta. "Digirin naka ma na wataƙila ne? Mai saye zai zo daga Pantami bayan la'asar gobe."

A lokacin ina koyon wani yaren kwamfuta da yake da abin da ake kira malalacin jeri. Shi irin wannan jeri ba ya fito da abin da ke cikinsa sai an nema, ɗaya bayan ɗaya, don haka ana iya yin wanda ba shi da ƙarshe. Aikin kuwa mai sauƙi ne: kowane layi na da sunan keji da yawan ƙwai, a tara na kowane keji a ƙarƙashin sunansa.

Na shigar da littafin gaba ɗaya, lissafin wata shida, na duba sau uku. Amma hankalina bai kwanta ba. To idan littafin ya ninka haka fa, manhajar da na rubuta za ta jure? Sai na ƙara layi guda da ke sa jerin ya koma farko duk lokacin da ya ƙare, na gwada da layi dubu goma na farko. Ya yi daidai. Na cire iyakar dubu goman. Layin maimaicin ne na manta da shi.

Washegari bayan azahar Goggo ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na danna maɓallin fara lissafi. Shiru. Fankar kwamfutar ta fara huci.

"Tana yi?"

"Ina jin tana yi, Goggo."

"Kajina ma sun fi ta saurin nasa ƙwai."

Tana yi kam. Jimla ba ta fitowa sai an kai ƙarshen jeri, ni kuwa na ba ta jeri marar ƙarshe. Sai ƙirga ƙwan wata shidan nan take yi tana sakewa. Ban gane haka ba sai da aka kira la'asar, Goggo ta aza hannu a kan kwamfutar ta ce saura kaɗan a soya ƙwai a kanta. Na bi layukan da yatsa, gumi na zuba, har na ga layin maimaicin. Na goge, na sake dannawa. Kafin in ɗauke yatsa lambobi huɗu sun fito.

Kejin bakin rijiya ne na biyu a yawan ƙwai. Na ƙofa, da take yabo saboda kyan gashinsu, su ne na ƙarshe, da rata mai yawa.

"Goggo, a ganina dai, in ban yi kuskure ba..."

"Ɗan nan, ganinka ne ko lissafi?"

Na sake kallon allon. "Lissafi ne."

Babur ya tsaya a waje, mai saye ya yi sallama. Goggo ta gyara mayafi ta nufi kejin ƙofa, ni kuma na ɗauki bokiti na tafi bakin rijiya, don tun safe ban canza wa jajayen ruwa ba.