Ɗan Akuyar da Ya Mutu da Cikinsa Cike

Wata safiyar Laraba a bazarar 1984, a ƙauyenmu da ke bayan Tofa, na fito da tsintsiya zan share turke sai na tarar da akuyar Inna a miƙe, ta riga ta sandare, 'ya'ya biyun da ta haifa cikin dare a jiƙe suna laluben nononta. Ita kaɗai ta rage mana. Fari ya sa an sayar da sauran, rumbu ya koma wurin ɓuyanmu in muna wasa, harawa kuwa sai labari. Ina da shekara tara, ban taɓa ganin Inna ta zauna a ƙasa ta yi tagumi ba sai ranar.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, tana da akuya mai shayarwa, amma akuyar ta ƙi karɓar marayun, sai tunkuri. Don haka kullum ake tatso mana ɗan abin da ya samu a ƙoƙo. Baba ya ɗauki namijin, don shi ne mai ƙwari, yana sa ran ya kai salla a sayar a sayi hatsi. Kafin ya fita neman aikin yini yakan matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe masa baki, ya ɗura masa madara da ludayi har ciki ya tashi. Macen, wadda kowa ya fid da rai da ita, aka bar mini tare da ragowar. Ta ƙi ludayi, sai na riƙa tsoma ɗan tsumma a madarar ina naɗawa a yatsa, tana tsotsa tana kaɗa wutsiya. Abin yana cin lokaci, har ƙawayena suka gaji da kirana wasan carafke.

Ba a jima ba namijin ya daina tsalle. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, ƙashin bayansa kuma ya fito. Wata rana da hantsi ya faɗi yana shure-shure, Baba ya yi maza ya yanka shi kada ya zama mushe. Ina tsaye riƙe da kwano ya farke tumbin. Wani wari mai tsami ya buge mu. Madarar da muka hana kanmu, ga ta nan cunkus, ta daskare ta ruɓe, hanjin kuwa fayau. Baba ya dubi tumbin, wuƙa a hannu, ya ce a hankali, "Inna lillahi. Yunwa ce ta kashe shi, ga abinci a cikinsa."

Ya juya ya dubi tawa, 'yar firit, tana bin zanena. "Ladi, yaya kike ba ta?" Na nuna masa. Daga ranar ya ce duk madarar a ba ni. Daga wannan akuya garken Inna ya sake tashi.

Yanzu 'yata, wadda ta karanci lafiyar dabbobi, ta ce mini tsotson ne ke tashin hanjin jariri, ya fitar da sinadaran da ke narkar da nono, ya kuma bi da madarar inda ya dace. A gidanta akwai kwalba da kan roba, madara kuma ba ta yankewa. Na so a ce Baba yana raye ya ji, don har ya bar duniya yana ganin laifin hannunsa ne, alhali gaggawar mai ciyar da gida ce kawai.