Ranar da Na Dama wa Adda Cakulan

Har yau in na jiƙa aya lokacin sanyi sai na tuna da yayar maigidana, kuma wallahi ba da alheri nike tuna ta ba. Adda muke ce mata, ni da shi duka, don ta girme shi nesa ba kusa ba. An kai ta ɗakin miji a Kurawa shi ko tafiya bai fara ba. Ni mutuniyar garin Isa ce, ɗiyar manoma, aure ya kawo ni Sabon Birni. Su kuwa mutanen shanu ne tun kaka da kakanni. Maigidana kaɗai ya aje sanda ya kama fatauci, yana kai kaya Maraɗi yana kawo wasu, amma shanun gidansu suna can Kurawa a hannun 'ya'yan Adda, kuma ko ɗan maraƙi ba ya motsi sai da cewarta.

A gidansu akwai al'ada. In za a yaye yaro, Kurawa ake kai shi, a ba shi madara mai ɗumi daga hantsar saniya, sannan a ɗauke shi a kai shi garke a nuna mashi karsanarsa. Daga ranar nan tashi ce, ita da duk abin da ta haifa. Da lokacin yayen ɗiyata ta fari ya yi, ni da kaina na yi mata kitso, na sa mata kwalli, anka tafi da ita ina ɓoye hawaye.

Ba a yi kwana nawa ba anka aiko in zo maza. Na iske yarinyata kwance a tabarma, leɓɓanta sun kumbura suntum, idanunta sun rufe, numfashinta na fita da ƙyar yana ƙara. Madara ce anka ba ta, ta amayar, anka ce ƙyuya ce, anka danne ta anka sake ɗura mata. Matan gidan duk sun kewaye ta. Adda na zaune gefe tana jan tasbaha. Ina sunkuyawa in ɗauki ɗiyata sai na ji muryarta, a hankali, ba ko faɗa:

"Ni dai tun da nike ban taɓa ganin jinin gidanmu ya ƙi nono ba. A dai bincika."

A dai bincika! Ni anka faɗa wa haka, gaban mata, ɗiyata na hannuna tana neman mutuwa. Kowa a tsakar gidan nan ya san abin da take nufi, kuma ba wadda ta tsaya mini. Ba a nuna wa yarinya karsana ba. Na saɓa ta a kafaɗa sai asibiti, likita ya ce jikinta ne ba ya son duk abin da ya fito daga saniya, madara, nono, man shanu, har ta gwangwani, ya ba mu maganin kumburi mu aje a gida. Da na kai wa maigidana maganar Adda, cewa ya yi in yi haƙuri, babba ce. Na ce to, amma ban yi haƙuri ba ko na rana ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai, wani lokaci in waigo in gan shi yana ƙare wa fuskar yarinyar kallo, in mun haɗa ido shi kau da kai.

Yarinya ta girma ba ta san daɗin shayin mai shayi ba. Lokacin sanyi yaran unguwa su fito da kofunansu fari ƙal da madara, ita tana riƙe da ruwan bunu tana kallonsu. Wata shekara ubanta ya zo da gwangwanin garin cakulan daga Maraɗi, zalla, mai ɗaci, wanda ba a haɗa da komi ba, rubutun jikinsa duk Faransanci. Ya aje don ba mu san yadda za mu yi da shi ba. Ni kuwa innata kunun aya ta saida har ta tsufa, hannuna ya san aya tun ban kai tsawon turmi ba. Na yi ta gwada dama garin da ruwan aya a madadin madara ina ɓatawa. Na farko na bar shi ya tafasa, ya tsinke ya yi yauƙi, ko kaji sai da sunka yi shawara kafin su sa baki. A hankali na gane kansa, har ya zama duk safiyar sanyi shi ne karin kumallon ɗiyata, yaran unguwa kuma su ne sunka koma leƙen kofinta.

Da anka kai ƙanenta yaye, ya sha madara ya lashe baki, anka nuna mashi karsana ja. Yarinyar lokacin ta shiga makaranta, ta san komi. Ta same ni ina tankaɗe ta ce, "Inna, ni ina tawa saniyar?" Na ce tana nan zuwa. Ta ce a'a, wata ɗiyar Kurawa ta gaya mata an ce ita ba tasu ba ce. Na aje rariyar. Ranar nan na rantse sai na ga Adda ta ji kunya a gaban matan nan da ta kunyata ni a gabansu.

Abin da ke hannuna ƙarami ne, na sani. Adda mace ce mai cika baki a kan nono. Ta ce ita ko da ƙamshi tana gane madarar wace saniya ce a garkensu. Kunun aya kuwa ta ce sai mutanen Isa da ba su da ko akuya. To, na ce za ni dama mata cakulan da aya, in ce madara ce, ta sha ta yaba, ta faɗi sunan saniyar ma in ta so, sannan in gaya wa mata abin da ta sha. Iyakar shirina ke nan.

Ranar kasuwa matan Kurawa kan zo da sassafe a mota ɗaya, don yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai saboda 'yan bindiga, kuma gidana suke fara sauka su ji ɗumi. Tun jajiberi na wanke aya na tsince tsakuwa, na jiƙa ta da dabino. Ina sallame asuba na kai inji, na dawo na tace da farin ƙyalle, na sake tacewa har ba ko ɗigon dusa. Na ɗora ruwa kaɗan a tukunya, na jefa busasshiyar citta da na daddaka, kanumfari, masoro, ɓawon kirfa, da ɗan barkono wanda ba a jin sa sai a maƙogwaro. Sai da ruwan ya yi ja, gida ya gauraye da ƙamshi, sannan na tsame su. Garin cakulan ba a zuba shi kai tsaye, gudaji shike yi. A kofi na dama shi da ruwan zafin har ya yi sumul, na juye, na sa mazarƙwaila da ɗan gishiri. Sannan na janye itace, na bar garwashi kawai, na tuttula ruwan ayar ina juyawa ba tsayawa. Da ya fara tururi na sa maburgi na burge shi har kumfa ya taso. Ranar nan na ƙara citta fiye da kullum don ta danne ƙamshin aya. Wallahi ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba, kuma da baƙar zuciya na yi shi.

Sunka iso a ƙudundune cikin mayafai, haƙora na kaɗawa. Na shimfiɗa masu tabarma kusa da murhu, munka gaisa, na durƙusa wa Adda har ƙasa kamar mutuniyar kirki. Na cika babban kofi na miƙa mata da hannu biyu, na ɗaga murya yadda kowa za ta ji:

"Adda, ga ɗan abin ɗumi. Madara ce tsantsa, ta safiyar yau, don ke na aika anka tatso."

A wurinsu ba a mayar da nono hannun mai bayarwa. Sun ce wulaƙanta saniya ne, albarkar garke guduwa take. Na san da haka, shi ya sa na faɗa. Adda ta dubi kofin ta ce ta riga ta karya. Wata tsohuwa cikinsu ta ce, "Yaushe hwa? Tare munka fito, ko ruwa ba ki sha ba." Ta buɗe baki za ta ce azumi take, ga jan goro a haƙoranta. Ta karɓa.  Mata duk sun zuba mata ido suna jira babba ta fara. Ta yi bisimilla, ta runtse ido, ta kafa kai.

Na gyara zama ina jiran yabo. Adda ta aje kofin. Sauran mata sunka karɓi nasu suna ta santi, wannan ta ce kai, wannan ta ce amarya kin iya. Adda ta miƙe ta ce za ta kewaya, amma sai na ga ta yi hanyar ɗakina. Na bi ta.

Na iske ta zaune bakin gado, mayafi ya zame, tana shafa wuyanta tana taɓa leɓɓanta. Zufa ce ke keto mata a cikin sanyin nan.

"Rufe ƙofa," ta ce. "Maganin nan da likita ya ba ɗiyarki, akwai saura?"

Na ce, "Na mi?"

"Na kumburi. Don Allah ki taimake ni, za ni mutuwa."

 Ta kama bakin zanena tana magana da sauri. Ta ce tun tana yarinya haka take, sau ɗaya ta kusa sheƙawa, innarsu ta ce kada ta kuskura kowa ya sani, don ba makiyayin da zai auri macen da nono ke kashewa. Ta ce duk rayuwarta da dabara ta yi ta, ta ce ta sha a ɗaki, ta ce ta ƙoshi, ta kai ƙwarya baki ta sauke ba ta haɗiya ba. Sai a lokacin na lura, ni ma duk zamana da su ban taɓa ganin maƙogwaronta ya motsa a kan nono ba.

Jama'a, na sha jin haushi a duniya, amma irin na ranar nan ban taɓa ji ba. 

Na ce, "Ashe kin sani. Ranar da anka danne ɗiyata ana ɗura mata, kina zaune, kin san abin da za shi same ta. Kinka bari. Sannan kinka ce a bincike ni."

Ta ce, "Tsoro na ji. In anka ce gado ne, wa za a duba?"

"Sai kinka zaɓi a dube ni."

Ta fashe da kuka tana cewa ta ji wuyanta ya fara shaƙewa. Ba abin da ya shaƙe, ni na san abin da na zuba a tukunya. Kalma ɗaya za ni faɗa hankalinta ya kwanta, kuma na ƙi faɗinta. Na ce mata magani akwai, amma ba a ɗaki rufe za ni ba da shi ba. Na wangale ƙofa na ƙwala kira, "Ku zo, Adda na da magana!" Na aika a kira maigida daga zaure, yana cikin ɗaure kayan kasuwa.

Sunka cika ɗakin, shi ya tsaya bakin ƙofa. Na ce, "Adda, gaya masu abin da kinka gaya mini." Ta dube ni, na dube ta. Ta ga ba wasa a idona. Da bakinta ta faɗa, hannunta na riƙe da wuya, cewa ita nono bai taɓa karɓarta ba, yarinyar nan ita ta gado, jininsu ce, ƙarya ta yi mini don ta rufa wa kanta asiri. Tsohuwar nan ta riƙe haɓa tana salati. Maigidana ya sunkuyar da kai, kuma na bar shi ya daɗe a haka, don shi ma yana da nasa kason.

Adda ta miƙo hannu ta ce, "Maganin."

Na ce, "Aya ce. Ayar mutanen Isa da ba su da ko akuya. Ba ɗigon madara a ciki."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi. Ɗaya bayan ɗaya sunka sulale waje, ba mai son haɗa ido da ita. Kafin sanyin shekarar ya fita an kai ɗiyata Kurawa an nuna mata karsanarta, ubanta ne ya ɗauke ta a kafaɗa har cikin garke duk da girmanta. Amma a safiyar nan ban gama da Adda ba.

Ta daɗe zaune tana taɓa leɓɓanta, tana jan numfashi tana saki, har ta tabbata lafiyarta ƙalau. Can ta ce, murya ƙasa ƙasa, ba ta dube ni ba:

"Haka madara take a baki? Ni tsoro bai bar ni na ji ɗanɗanon na ɗazu sosai ba. Tun da nike ban taɓa shan abu mai kauri da ɗumi irin wanga ba. Akwai saura?"

Tsohuwa ce mai jikoki, ga ta tana roƙon kofi ɗaya kamar yarinya. Rabin tukunya na nan bisa garwashi, ƙamshinsa har cikin ɗakin.

Na ce, "Babu. Wanda ya rage mai shi na nan."

Na kira ɗiyata, na cika mata kofi har baki, na zaunar da ita a tabarma gaban goggonta. Tana hurawa tana kurɓa a hankali don da zafi, Adda na kallonta har ta shanye.