Rantsuwar da Ta Hana Autana Durƙusawa

Shekarun da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, ni mace ce mai ji da kanta a wani gari na ƙasar Zurmi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, wanga labari ɗiyar ƙanena ke rubuta shi ina faɗa mata. Amma Allah ya ba ni baki, kuma ya ba ni abin yin baki da shi. Mahaifina ɗan kokawa ne, marigayi maigidana ɗan kokawa ne, sannan ga autana wanda ya fi su duka. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake sayarwa, ba ni da zinari ko sarƙa, amma in na shiga gidan biki mata kan tashi su gyara mani tabarma, don ni ce uwar wanda ƙasa ba ta san gwiwarsa ba.

Mu a wurinmu kokawa ta manoma ce. In an gama yankan gero an kai damma rumbu, sai a share fage, makaɗa su zauna, samari su ɗaura walki. Dokarta guda ce: wanda gwiwarsa ko tafin hannunsa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi, magana ta ƙare. To tun autana ya fara shiga fage, daga Dauran har Shinkafi har Kasuwar Daji, ba a samu wanda ya durƙusar da shi ba. Ya kan dawo da rago, ko turmin atamfa ya aza mani bisa cinya. Da ɗan fari ne da na yi kara na kama bakina, amma auta ba a jin kunyarsa, ni da kaina nake mashi kirari tsakar gida har maƙwabta su leƙo. Shi kuwa a gida kamar ba shi ne ke ɗaga ƙatti ba. Mutum ne mai sanyi, mai mata ɗaya da ɗiya ƙarama, kuma tun da na haife shi bai taɓa musa mani magana ba. Wannan halin nasa na ɗauka na yanke shi da shi.

Da Shari'a ta zo mun yi murna, ni ma na yi guɗa, ba zan yi ƙarya ba. Amma sai ganguna suka yi shiru a garinmu. Malamai na wa'azi kan kiɗa da layu da cuɗanyar maza da mata bakin fage, kaka ta zo ta wuce ba wanda ya share fili. Autana bai ja ba. Ya kwance layunsa ya ba liman, ya samu mashin yana kabu-kabu tsakanin Ƙaura da ƙauyuka, damina ya koma gona. Har ƙiba ya yi. Ya kan ce mani, Inna, yanzu ya san daɗin kwana ba ciwon ƙugu. Ni ce ban samu kwanciyar rai ba, don na lura in na shiga taro ba mai tashi ya gyara mani tabarma.

Wata rana a gidan suna muka haɗu da matar wani mahauci, tsohuwa kamata, wadda muka saba tsokanar juna tun muna amare. Ɗanta ɗan dambe ne, don dambe gadon mahauta ne, kuma da aka hana nan sai ya riƙa fita wajen jiha inda ake yi. Ta dube ni gaban mata ta ce ina bajimin nawa, ko har yanzu yana dakon buhunan albasa? Ta ce ai kokawa dama rungume-rungume ce, manoma su kama juna kamar masu gaisuwar Sallah, wanda ya gaji ya zauna. Na ce mata su kuma mahauta ba su iya bugun komai ba sai saniyar da aka ɗaure wa ƙafa. Mata suka kwashe da dariya har da tafi. Da nan muka tsaya da wasa ne. Amma sai na miƙe na ce a shaida, autana zai naɗe hannu ya tsaya gaban ɗanta, mu ga wanda uwarsa ta shayar da gaske.

Da na faɗa mashi, sai ya yi mani bayani a hankali, yadda ake yi wa yaro. Ya ce dambe ba kokawa ba ce. Ɗan kokawa ya saba sunkuyar da kai ya buɗe hannuwa don ya cafko ƙugu, ɗan dambe kuwa wannan kan yake jira da hannun da aka naɗe da igiya har ya zama kamar dutse. Ya ce kuma a dambe faɗuwa ba abin kunya ba ce, in bugu ya shige ka sai ka dafa ƙasa, a ce an kashe ka, a raba, ka tafi gida ka ci tuwo, gobe ka dawo. Manyan 'yan damben duk sun sha faɗuwa. Cikin maganar nan duka ba abin da kunnena ya ɗauka sai faɗuwa. Na ce ashe tun bai je ba ya fara neman wurin kwanciya. Na daina amsa gaisuwarsa da fara'a, in ya kawo mani nama na ce ya kai wa mahauta abinsu. Da ya ga haka sai ya je wurin wani tsohon ɗan dambe ya koyi naɗin hannu. Ya yi wasanni kaɗan da ƙananan 'yan dambe, ƙarfi ya fisshe shi, ni kuwa na ƙara hawa. Daga nan aka sa ranarsa da ɗan mahaucin, can wajen jiha.

Da safen da zai tafi ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, ya ce Inna a sa mashi albarka. Na ce ya tashi, durƙuso gabana kaɗai na yarda da shi. Sai na dafa ƙirjina na ce in gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa gaban ɗan mahauta, ban yafe mashi nonon da ya sha ba. Matarsa tana wanke-wanke, ta saki kwano ta ce Inna don girman Allah in janye. Na ce ta yi mani shiru, ba gidansu aka san fage ba. Shi dai ya ce to, Inna, ya kakkaɓe gwiwarsa ya fita. Ni a raina ƙarfin zuciya na ba shi. Haka na ji uwata na yi wa yayyena in za su kokawa, inda faɗuwa ba ta wuce ƙura a walki.

Abin da ya faru can abokinsa ne da ya raka shi ya ba ni labari. Ya ce tun turmin farko, wato zagayen farko, jikin kokawa ya motsa mashi, ya sunkuya zai kama, bugu ya same shi bayan kunne. Ya yi tangal-tangal, hannunsa ya nufi ƙasa, sai ya fizge shi kamar ya ga garwashi. Aka sake haɗuwa, aka sake samun wurin nan. Jini ya fara fita ta kunnensa. 'Yan kallo suka daina ihu, suna kiransa ɗan kokawa ka dafa, ka dafa a raba. Ɗan mahaucin da kansa ya matso yana ce mashi yaya, don Allah ya sa hannu ƙasa, shi ba ya son ɗaukar rai. Alƙalin wasa ya shiga tsakani, autana ya ce ai bai faɗi ba, a ci gaba. Ƙarshe ɗan mahaucin ne ya sa haƙori ya kwance igiyar hannunsa ya fita fage yana kuka. Ko a mota autana ya ƙi yarda a kwantar da shi.

Abokin ne ya fara shigowa gida. Ban tambaye shi lafiyar ɗana ba. Na ce ya faɗi? Ya ce bai faɗi ba. Na rangaɗa guɗa har uku don matar mahauci ta ji daga gidanta. Ina cikin guɗar aka shigo da shi, mutum biyu na riƙe da shi, fuskarsa ta kumbura, yana dubana da ido ɗaya yana son ya yi murmushi.

Mun kai shi asibiti a Gusau, likita ya ce jini ya taru cikin kai, kuma da an tsaya tun bugun farko da bai kai haka ba. Ya rayu, amma ba shi ya dawo ba. Hannunsa na rawa, magana sai ya ja ta, abin da aka faɗa da safe ya manta kafin azahar. Mashin ya tafi wajen magani. Matarsa ta yi haƙuri shekaru kafin danginta su ɗauke ta, kuma ban ga laifinsu ba. Matar mahauci ta zo da romo ta zauna bakin ƙofata, muka yi ta kuka. Ɗanta bai sake naɗa hannu ba.

Yanzu mutumin da ƙatti suka kasa kayarwa, dokin ƙofa ke kayar da shi. Kuma duk faɗuwar da ya yi, kafin ya duba ciwonsa ni yake nema da ido, yana rantsuwa santsi ne, Inna, ba faɗuwa ba ce, kada in lissafa. Abin da ya fi ci mani rai shi ne salla. Ya kan yi alwala ya yi kabbara, in aka zo sujada sai ya ƙame tsaye. Na tara liman da dangi, na dafa ƙirjin nan na ce na janye, na yafe mashi duniya da lahira. Ya yi murna har da hawaye. Washegari ya manta. Yafewar ba ta zama cikin kansa, rantsuwar ce kaɗai ta zauna. Liman ya ce ba laifi gare shi wurin Allah, ni ce dai ban tambayi nawa matsayin ba, don ina tsoron amsa.

Na gane, bayan lokaci ya ƙure, sunan da nake taƙama da shi ba nawa ba ne, da jikinsa yake sayo mani shi. Ya san sana'arsa, ya faɗa mani gaskiyarta, na ƙi ji don wata tsohuwa ta yi mani dariya a gidan suna. Ku iyaye mata, ku ji tsoron bakinku a kan ɗa mai biyayya, don mai taurin kai zai watsar da maganarku ya tsira, mai jin magana shi ke ɗaukar ta har inda za ta halaka shi. Kada ku rantse da nono kan abin da ba ku taɓa shiga ba. In ɗanku ya ce abu ya fi ƙarfinsa, ku bar shi ya dafa ƙasa ya dawo muku da ƙura.

Ni dai kullum azahar nakan shimfiɗa tabarma biyu, in fara durƙusawa gefensa da tsofaffin gwiwoyina, in ce mashi na yafe, auta, sauko. Wata rana ya kan lanƙwasa har ya kusa. Sai ya dube ni, ya miƙe.