Gadar da Kuwabara Ya Cire

Kuwabara Teruo bai taɓa neman ƙarin girma ba, ko kujera mai kyau a ofis bai nema ba. Abu ɗaya ya so tsawon shekara talatin da ɗoriya: wani baki, ko da guda ne, ya ce shi ya zana gadar nan.

Ɗan maƙerin wuƙaƙe ne daga Sakai. Da zanen allunan shaguna ya fara, kafin ya faɗo ƙaramin kamfaninmu na gem, wato wasan bidiyo, a Osaka, hawa na uku a saman wani shagon taliya. Ni aikina awon wuri: kowane zane, kowane kiɗa, sai na duba ko kaset zai ɗauke shi.

Gem ɗin da ya ciyar da mu na wani kwaɗo ne mai ɗauke da fitila, yana tsallake rufin gidaje da ramuka. Na talabijin muka fara yi, zango takwas. Zango na shida gada ce a kan kogi, katakonta na zubewa da zarar an taka, kuma duk inda kwaɗon ya dira sai wata jar fitila ta kama a kan ruwa. Wata uku Kuwabara ya yi a kanta, ɗigo bayan ɗigo, a takarda mai gida-gida.

A zamanin ba a rubuta sunan ma'aikaci na gaskiya a ƙarshen gem, don kada wani kamfani ya gani ya sace shi. Shugaban aiki ke raɗa wa kowa laƙabi. Namu shugaban, Nonomura, ya dubi ramar Kuwabara ya sa masa Tsinke. Don haka ranar da 'yan mujalla suka zo, Nonomura ya ce musu shi ya zana gadar, fitilun kuwa irin waɗanda ake sakar wa matattu a kogi ne, don tuna matarsa Sumie da ta rasu shekara guda kafin nan, babu takardar da za ta ƙaryata shi.

Bayan tafiyarsu Kuwabara ya sunkuya a gaban teburinsa.

"Maigida, zancen gadar nan fa..."

"Kai Tsinke, wa zai sayi gem don ɗan maƙeri ya iya zane? Amma ka ce mace ta mutu, sai a yi layi. Je ka sha shayinka."

Ya sunkuya karo na biyu, ya koma mazauninsa.

A 1991 aka ce a mayar da gem ɗin na hannu, na 'yar na'urar nan mai cin batir huɗu. Manya suka ƙi aikin, aka jefa wa Kuwabara. Aikin yanka ne zalla. Fuskar na'urar ba ta fi kwalin ashana biyu ba, launi kuwa kore ne kawai, mai duhu da mai haske, hawa huɗu. In kwaɗon ya yi gudu sai hoton ya dagule, dole aka rage masa sauri. Mai wasa ba ya hango bakin rami na can gaba, dole aka matse ramukan. Zango takwas suka koma biyar.

Gadar ma ya yi ta, na gani da idona, ta kuma shiga kaset har da saura. Washegari ya cire ta.

"Babu wuri, Maigida."

Nonomura ya juyo gare ni. "Hisae, da gaske yake?"

Na ce da gaske ne. Ba don ina son Kuwabara ba. So nake in ga fuskar Nonomura, na kuwa gan ta.

Mutane suna tsammanin mai ramuwa abin abokin gaba yake fasawa. Kuwabara nasa ya fasa. Ya gwammace gadar ta mutu da ta shiga aljihun yara dubu ɗari da sunan matar wani. Mujallu suka zagi na hannun, suka ce an zare wa kwaɗon zuciya. Ya yanke shafukan ya adana, kamar yabo.

Kamfanin ya durƙushe bayan shekara biyar. Kuwabara ya koma gadin wurin ajiye motoci a Tennoji, bai yi aure ba. Har yau masu tara tsofaffin gem suna jera bambancin na talabijin da na hannu, kowa na cewa ƙarancin wuri ne ya ci gadar.

Bara 'yar Nonomura ta kira mu, ni da Kuwabara. Ɓarin jikinsa ya shanye, yana gidan tsofaffi a Nara, ba ya iya zama gaban talabijin. 'Yar na'urar kaɗai yake riƙewa a ƙirji, yana neman gadar matarsa yana rasa ta. Muka hau jirgin ƙasa wata Lahadi da hantsi. Kuwabara bai cire hannu daga aljihun kwat ɗinsa ba har muka isa.

"Tsinke! Har yanzu ba ka ci ka ƙoshi ba?"

"Muna nan dai, Maigida. Ya jiki?"

"Jiki ya tafi ya bar ni." Bakinsa ya karkace, yawu na bin gefe. "Ka yi mini laifi, ka sani? Gadar da na zana wa Sumie. Kwana nawa na yi a kanta, hannun nan har ya kumbura."

Ba ƙarya yake yi ba. Ya daɗe yana faɗa har ya tuna da kumburin.

Kuwabara ya fito da wani kaset marar tambari, na gwaji, wanda ya ɓoye tun wancan lokaci. Ya sa a na'urar, ya kai shi zangon gadar, ya ɗora masa a ƙirji. Tsohon ya danna da yatsa ɗaya. Kwaɗon ya dira, wani ɗigo mai haske ya kama a ruwa. Ya sake dira, katako ya zube, ya faɗa. Sau huɗu yana faɗawa a wuri guda.

Ya ture na'urar ta gangara kan bargo.

"Mene ne wannan? Fitilu kamar kashin ƙuda! Ina jan launin? Ina faɗin kogin? Wannan ba tawa ba ce, malam. Taka ce. Aikinka ne, da gani. Kwashe kayanka."

'Yarsa ta shiga ba mu haƙuri, tana sunkuyawa. Kuwabara ya zare kaset ɗin, ya gyara wa tsohon bargo, muka fito.

Muka hau jirgi, har muka wuce tashar Oji. Sannan ya matso kusa da kunnena, kunnuwansa jawur.

"Malama Hisae, kin dai ji da kunnenki, ko? Ya ce tawa ce."

"Na ji."

"To ki riƙe. Kada ki riga ni mutuwa."