Ta nuna mai dariya

Aikina faci ne a bakin gudron, wato titin kwaltan Matamai, na san ƙarar taya in ta fashe. 'Yata ma ta san ta yanzu. Daga biki a Dawce suke dawowa, taya ta fashe, motarsu ta kife. Ƙanwar uwarta, wadda ta ɗora ta a cinya, nan take ta cika. Ita kuwa ko ƙashi bai karye ba.

Tun daga nan ba ta tsallake gudron. Lakwal ɗinsu kuma, makarantar boko, tana can ƙetare. In kamyo, babbar motar kaya, ya wuce sai ta tsuguna ta toshe kunne.

Bayan damina aka ce wata madam ta zo gidan likita tana auna tsoron yaran da suka yi haɗari. Wanda nasa ya yi yawa za a riƙa ganinsa har ya warware. Na rufe rumfa na kai ta. Innata ta ce ba a kai 'ya mace gaban baƙuwa babu tsohuwa, ta biyo mu.

Madam ta shimfiɗa hotunan fuskoki, daga mai dariya har mai kuka.

"'Yan mata, in kin tuna motar nan, wacce ce ke?"

Yarinya ta kai yatsa wajen mai kuka. Inna ta dafa mata gwiwa.

"Ke! Wanda Allah Ya fitar daga bakin mutuwa shi ke ƙorafi? Gode Masa."

Yatsan ya koma kan mai dariya.

"Kina tsoron mota?"

"Da sauƙi."

Haka har aka gama. Mu nan ko wanda ake jiran ransa aka tambaya, da sauƙi zai ce.

Na ce, "Madam, ki fito da ita bakin hanya, kamyo ɗaya ya wuce, ki gani da idonki."

Ta ce, "Malam, bakin yaro muke bi, ba na uba ba. Ga layi can yana jira."

Inna ta yafa mayafi tana murna. "Ka ji ko? Likita ma ta ce lafiyarta lau. Kai ne mai neman magana."

Da na koma ni kaɗai da yarinyar, an ce su madam sun wuce Kurni.

Mushensu, malamin lakwal, ya gaji da aike a kawo ta, ya ba wata gurbinta. Yanzu tana gida tana surfe. Da safe ƙawayenta na wucewa ta gaban rumfata, su tsallaka a guje suna dariya.